Me ya sa jitar Göran Söllscher take da tsirkiya 11?

Tambaya: Na ga bidiyon wani makaɗi ɗan ƙasar Suwidin, Göran Söllscher, yana kaɗa jita mai tsirkiyoyi da yawa. Wane ne shi, kuma mene ne amfanin ƙarin tsirkiyoyin?

Amsa: An haifi Söllscher a garin Växjö a 1955, ya tashi a Kalmar. Ya yi karatun kiɗa a Malmö, sannan a babban birnin Danmak a hannun Per-Olof Johnson. A 1978 ya lashe gasar jita ta duniya a Paris, daga nan kamfanin faifan kiɗa na Deutsche Grammophon ya ɗauke shi. Daga baya ya koma Malmö yana koyarwa.

Jitar da ka gani kuwa, malaminsa Johnson ne ya tsara ta tare da masassaƙi Georg Bolin a shekarun 1960. Matsalar da suka so magancewa ita ce: kiɗan da aka rubuta wa lut, ɗan'uwan ud na Larabawa, har da na Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, yana sauka zuwa muryoyi masu kauri da jita mai tsirkiya 6 ba ta kaiwa. Mai jita ta gama-gari dole ya ɗaga waɗannan muryoyin sama ko ya sauya maɓallin waƙar, wato matakin muryar da aka gina ta a kai, sai gindin kiɗan ya rame.

Ga yadda aka ɗaure ta. Tsirkiyoyi 6 na farko sun fi na jitar da aka sani tsini, kamar ka danne ta a gaɓa ta 3 ta wuyanta. Sunayen muryoyinsu, daga siririya zuwa mai kauri: G, D, B♭, F, C, G. Shi ya sa suka fi gajarta, kusan milimita 570 maimakon 650. Sauran 5 ɗin suna sauka mataki-mataki, F, E♭, D, C, B♭, kuma na can ƙarshe suna ƙara tsawo don kada su saki su yi lakwas. Galibi babban yatsan dama ne ke bugunsu a sake, kuma ana ɗan sauya ɗaurinsu gwargwadon maɓallin waƙar.

Wahalar tana nan a wajen kashe sauti. Tsirkiya mai kauri idan aka buga ta a sake takan daɗe tana amo, har maƙwabtanta su kama rawa ba a taɓa su ba. In ba a dakatar da ita ba, muryoyi sai su cakuɗe, kiɗan ya dagule. Makaɗi yakan buga sabuwar murya, nan take ya mayar da babban yatsa ya kwantar a kan wadda ta gabata, ko ya taɓa ta da gefen yatsan. A nan ne gwanintar Söllscher ta fi fitowa: ka saurari Bach ɗinsa, za ka ji kowace murya ta ƙasa tana mutuwa daidai lokacin da ta gaba ta shigo.

Mai koyo ya fara da tsirkiya 6 tukuna. Wuyan mai 11 yana da faɗi, kuma babban yatsa sai ya koyi nemo tsirkiya ta 9 ko ta 10 ba tare da ido ya taimaka ba.