Oga, filash ɗin ya ƙi butin

To Sani, ka ce filash ɗin da ka sa wa Windows 10 ya ƙi tashi, sistem ɗin sai ya rubuto maka "Missing operating system", kana tambaya ko boot sector, wato ɗan wurin da umarnin tayar da inji yake a farkon filash, shi ne ya lalace. Zai iya yiwuwa, amma kafin ka taɓa komai shiga bayos (BIOS), wato saitin da kwamfuta ke farawa da shi kafin Windows, ka ga a kan wane tsarin tashi injin yake, tsohon wato Legacy ko sabon wato UEFI. In UEFI ne babu ruwansa da boot sector, fayil ɗin bootx64.efi yake nema a cikin foldar efi, kuma ya fi son filash ɗin da aka yi wa fomat da tsarin FAT32. In ka zauna kana gyaran sekta a irin wannan injin wahalar banza kake.

Tsofaffin laftof ɗin nan na Beljiyam da ake kawo mana masu Legacy su ne ke karanta MBR, wato sektar farko a filash, bayit 512 kacal, 446 na umarnin tashi, 64 na teburin patishin, wato bayanin yadda aka raba filash ɗin kashi-kashi, biyun ƙarshe kuma 55 AA, in bayos bai ga wannan alamar ba wucewa yake kamar ba ka soka komai ba. Sau da yawa ma sektar lafiyarta ƙalau, patishin ɗin ne ba a sa masa active ba, wato alamar cewa daga shi za a tashi.

Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin admin, ka rubuta diskpart, sai list disk. Nan ne nake son ka nutsu wallahi, ka duba girman kowane disk da idonka, filash mai giga 16 za ka ga ya nuna 14 da ɗoriya, in ka kuskura ka zaɓi hard disk ɗin kwastoma ka bi shi da umarnin gogewa na clean to hotunan bikinsa da takardunsa sun tafi, babu bakin ba shi haƙuri. Zaɓi filash ɗin da select disk, sai select partition 1, sai active, ka fita. Daga nan ka shiga foldar boot ta cikin ISO ɗin, wato fayil ɗin Windows ɗin da ka haɗa filash ɗin da shi, ka rubuta bootsect /nt60 E: /mbr, in harafin filash ɗinka E ne. Wannan umarnin boot sector yake sake rubutawa, ba ya goge fayil, amma dai kwashe kayanka tukuna.

In ya ƙi, sake haɗa shi da Rufus, manhajar ɗora Windows a filash, ka zaɓi MBR ga tsohon inji, sabon tsarin patishin GPT ga sabo mai UEFI. In an haɗa ya sake lalacewa gwada shi da H2testw, manhajar gano ainihin girman filash, jabun filash sun cika kasuwa.