Gwanjon tsofaffin motoci: ta asali ce ko haɗe-haɗe? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan tsofaffin motoci suka faɗa, na zaɓo huɗu, ta farkon ce za ta ci mana lokaci saboda amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Dole. Akwai gwanjon da za a yi, cikin motocin har da wata Peugeot 504 fara tas, fenti na ƙyalli, agogo na nuna kilomita 48,000, dillalin ya rantse mini ƴar 1969 ce ƙirar Faransa kuma ba a taɓa kwance injinta ba. Don ajiya nake sonta, irinta mahaifina ya hau. Ta yaya zan gane gaskiya kafin in ɗaga hannu? Daga Zongo.

AMSA: Alhaji, wannan ƙyallin da ya ja hankalinka shi ne abu na farko da ya kamata ya sa ka tsaya. Motar da ta haura shekara hamsin a ƙarƙashin ranar garin nan ba ta zama fara tas sai an sake mata fenti, kuma sake fenti ba laifi ba ne, amma daga nan ba a ce mata "ba a taɓa ta ba", sai a tambayi me fentin ya rufe. Rantsuwar dillali kuwa ka bar mishi, shi la'adarshi yake nema. Tsohuwar mota kamar ragon layya ce, ba a tambayar mai shi shekarunshi, baki ake buɗewa a duba haƙori.

Haƙorin mota lambar shasi ce. Ka je ranar da aka ware don duba kaya, ka tafi da makanikenka, da tocila, da tsumma, da fensir da farar takarda. A buɗe kapo, wuri uku za ka haɗa: lambar da ke jikin ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya manna, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar kanta, da wadda ke cikin kart giris, wato takardar rajistar motar. Sai ukun sun zo ɗaya, harafi da harafi. Farantin shi ne mafi sauƙin sauyawa, ƙusoshi ne kawai suka riƙe shi, in ka ga ƙusoshin sabbi ne fes alhali farantin ya dafe, ko an riƙe shi da ƙusar kafinta, to an taɓa cire shi. Ita kuwa lambar da aka buga a jiki, ka goge wurin ka haska tocila ta gefe ba ta sama ba, bugun kamfani yana tafiya a jere da zurfi ɗaya, bugun hannu sai ka ga wata lamba ta nitse wata ta karkace wata ta hau sama. Ka shafa kewayen da yatsa, in wurin ya yi santsi fiye da maƙwabtanshi ko ya ɗan lotsa an bi shi da garanda, sannan ka leƙa ta bayan ƙarfen, masu wayo sukan yanko lambar wata mota gaba ɗaya su yi mata walda a wurin, ta gaba ba ka ganin komai amma ta baya za ka ga sawun walda ya zagaye ta. Ka ɗora takarda ka goga fensir ka tafi da hoton lambar gida.

Sai maganar 1969. Peugeot ta fito da 504 a 1968, kuma na farkon injin 1796 cc gare su, sai a 1970 aka kawo mai 1971 cc. Ita familiyal da ta yi ta jigilar mutane tsakanin Damagaram da Magariya da Kano a 1971 ta fito, a-kori-kurar kuma sai wajen 1979. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna a 1975 ya fara aiki, ya ci gaba da haɗa 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, shi ya sa da yawa cikin waɗanda ke yawo a nan ta Najeriya suka shigo. In farantin ya nuna haɗin Kaduna ne zancen 1969 ya mutu. Haka in lambar ta kai harufa 17 ta fara da VF3, wannan tsarin sai daga farkon shekarun 1980 aka fara shi. Ƴar Kaduna mota ce mai kyau wallahi, ba na raina ta, amma kar ka biya kuɗin ƴar 1969 a kanta. In kana son hujjar da ba gardama, L'Aventure Peugeot, masu adana tarihin kamfanin a garin Sochaux na Faransa, na ba da takardar shaidar shekarar ƙira in an aika musu lamba, ana biya, kuma ba a kwana ɗaya take zuwa ba, don haka kar ka jira sai gobe gwanjo.

Kilomita 48,000 kuma, agogon waɗannan motocin gida biyar gare shi, in ya kai 99,999 sifili yake komawa ya sake sabon lale, to wa ya san zagaye nawa ya yi? Ka duba robar fedal ɗin birki da na kuloci, da inda hannu ke kama sitiyari, da kujerar direba, ka buɗe ƙofar direba ka ɗan ɗaga ta sama ka ji ko tana wasa. Su ne ba su iya ƙarya ba. In fedal ya cinye har ƙarfe ya fito, ko kuma robar sabuwa ce dal a cikin motar da komai nata ya tsufa, ka san inda aka dosa.

Ga fentin, ka samo ɗan ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi ka naɗe shi a tsumma ka bi jikin a hankali, ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, kusurwoyin baya, duk inda ya saki to mastik ne a cike, ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Ka ɗaga kafet, ka leƙa cikin but da ƙarƙashin robar gilashi, nan launin asali ke ɓuya don mai fenti bai cika kaiwa can ba. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta toliye mai gyaran jikin mota doguwa ce mai tudu. Gilasai ma kowanne da tambarin wanda ya yi shi a kusurwa, in biyar sun zo iri ɗaya guda ya bambanta ka duba wannan gefen da kyau. Wani abu da ya kamata mu ƴan nan mu lura, ƙasarmu busassa ce, motar da ta yi rayuwarta a Damagaram rana ce ke cin ta, dashbod ya tsattsage robobi su bushe amma ƙasanta na nan garau, in ka kwanta ka ga tsatsa ta ci daɓen har yatsa na shiga, wannan ta sha iskar teku a Kwatano ko Legas, ko gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, ko da an ce maka tun fil azal a Birni take.

Kuma ka nemi a tada ta a gabanka da sanyin safiya, ka fara taɓa injin da hannu ka tabbata ba a riga an ɗumama shi ba.

TAMBAYA: Na ga tsohuwar Land Cruiser cikin motocin da wani foroje (shirin ayyukan raya ƙasa) zai yi gwanjonsu, farantin ya ce FJ40 amma gazuwal take sha. Matsala ce? Daga Tanut.

AMSA: Ɗan'uwa an sauya mata inji, ba tantama. A wurin Toyota harafin farko sunan injin ne: F na fetur mai silinda shida, B na gazuwal mai silinda huɗu wanda ya shigo a 1974, H na gazuwal mai shida. FJ ba ta fito daga kamfani tana shan gazuwal ba. In don shiga daji kake sonta, Tanut zuwa Agadas ko cikin rairayin Tasker, wataƙila ma sauyin ya fi maka, ka dai tabbata kart giris ya nuna gazuwal ɗin don kar ka sha wahala a hanya. In kuwa kana lissafin wata rana ka sayar wa masu tara tsofaffin motoci ne, su injin asali suke biya, darajarta ta faɗi sosai, ka taya ta da kuɗin motar aiki. Lambarta na jikin dogon ƙarfen shasi ta gaba, ka kankare laka ka gani da idonka, don irin waɗannan ana yawan ɗora jikin wata a kan shasin wata. Zoben da ya kewaye fitilun gaba ma na taimakawa, kafin 1979 mai zagaye ne, daga nan ya koma mai kusurwa.

TAMBAYA: Na gwada maganaɗisu a jikin Land Rover bai kama ko'ina ba, duk mastik ne kenan? Daga Miriya.

AMSA: A'a malam, jikinta alminiyom ne tun daga kamfani, maganaɗisu ba ya kama shi. Ƙarfen na shasi ne da bangon da ya raba inji da direba, can za ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma ka ji. In ragar gabanta roba ce Series III ce, 1971 zuwa 1985, ko wadda ta biyo bayanta, in wani ya ce maka ta girmi haka sai ya kawo hujja.

Ku duka ukun, kafin ranar ku tambayi masu gwanjon abu uku: nawa ake ɗorawa a kan kuɗin da aka buga, motar ta biya duwan, wato kuɗin kwastan, ko kai za ka biya, kuma wace takarda za su ba ka da za ka sauya kart giris da ita. Motocin foroje da yawa ba da duwan suka shigo ba, wanda ya saya shi ke ɗauka. Kayan gwanjo yadda ka gan shi haka ka saye shi, ba a mayarwa. Ka rubuta iyakar kuɗinka a takarda tun daga gida, don in aka fara ɗaga hannu kana ganin abokin hamayya a gefe zuciya ce ke yin tayin ba kai ba. Wanda kuma aka hana shi buɗe kapo ko kwanciya ƙarƙashi, ya haƙura, ba a cinikin biri a sama.

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 404 bashe (a-kori-kura) a zaure, magada sun ce a yi gwanjonta a raba. Yayyena na son a fara kai ta fenti a sake kujeru don ta yi kuɗi. Mu yi? Daga Birni.

AMSA: Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Hajiya don Allah ki roƙe su kar a taɓa ta. Wanda ya san darajar 404 wannan koɗaɗɗen fentin na asali yake nema, da kujerun da suka zo da ita ko sun yage, da zarar an fesa mata sabo zai fara zargin abin da na gama lissafa wa Alhaji a sama, ku kashe kuɗi ku kuma rage mata daraja. A wanke ta da ruwa da sabulu kawai, a hura tayoyi. Kar wani yaro ya kawo batir ya ce zai tada ta da tsohon man da ya shekara a ciki, a kira makanike ya juye man inji da na tanki, ya fara juya injin da hannu. Sannan ki tattaro duk wata takarda da baba ya ajiye, tsohon kart giris, takardar duwan, rasiɗan garaji, littafin motar in yana nan, makullan asali, har hotunan da aka ɗauke shi da ita, a sa su cikin leda ɗaya a ajiye wurin babban yayanku, ranar gwanjo a nuna wa masu taya kwafi, na asalin sai wanda aka sallama wa.