Tambaya da Amsa: Albashin Amurka da Namu

Tambaya: Malam, ƙanena da ke Amurka ya ce albashi mafi ƙaranci a can ya fi nawa sau ashirin. Gaskiya ne? Daga wani ma'aikaci a Argungu.

Amsa: Malam, a lissafi bai yi ƙarya ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, kodayake jihohi da yawa suna biyan fiye da haka. Awa 40 a mako yana ba da kusan dala 1,256 a wata. Jihar Kebbi, inda Argungu take, ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a wata a 2024, sama da 70,000 na tarayyar Najeriya. Idan dala tana naira 1,500, dala 50 ke nan, wato kusan ninki 25.

Amma canjin kuɗi yana ruɗi. Can ana cire kashi 7.65 cikin ɗari na fansho da lafiyar tsofaffi, ban da haraji, kuma a manyan birane hayar gida mai ɗaki ɗaya kan lashe fiye da dala 1,000. Ranar da ba ka yi aiki ba, sau da yawa babu biya.

Gwajin da ya fi shi ne ka raba albashinka da awannin aiki. Naira 75,000 a awa 176 na wata (kwana 22, awa 8 kullum) kusan naira 426 ce a awa. Sai ka duba awa nawa ke sayen mudun shinkafa a kasuwar Argungu, ƙaninka ma ya lissafa nasa. Dokarmu ta mafi ƙarancin albashi kuma ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.