Amsa: Gano shekarar da aka kafa ƙungiyar opera ta gari a Ingila

Ɗan'uwa, kana neman shekarar kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu wasan opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) ta garinku a Ingila. Kada ka dogara da lambar da ke bangon takardar shirin wasa. Wasu ƙungiyoyin, wasanni suke ƙirgawa, ba shekaru ba, ga shi da yawa sun dakata a lokacin yaƙe-yaƙen duniya na 1914–1918 da 1939–1945, sai lissafi ya rikice. Fara da littafin zaman kwamiti, galibi yana gidan adana takardu na gunduma, sannan tsofaffin jaridun garin don sanarwar wasan farko, wanda sau tari na Gilbert da Sullivan ne, wato mashahuran mawallafan opera na barkwanci a Ingila. Bincika da tsohon suna, domin ƙungiyoyi da dama sun cire kalmar "Operatic" daga sunansu daga baya. Shekarar shiga NODA, uwar ƙungiyoyin opera da wasan kwaikwayo na sa-kai a Birtaniya wadda aka kafa a 1899, daban take da shekarar kafuwa.