Yaya zan gane ko bekta konstan ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. An ba mu r(t) = (3cos t, 3sin t) aka ce mu faɗi ko konstan bekta ce. Na lissafa tsawonta, kowane t na sa sai ya ba ni 3, shi ne na rubuta eh konstan ce, amma aka soke min. To ina matsalar take? Kuma wace hanya ce ba ta ɓatar da mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam. Lissafin tsawon da ka yi daidai ne ɗari bisa ɗari, 9cos²t + 9sin²t ai 9 ne, tushensa kuma 3. Inda aka samu matsala shi ne rabin tambayar ka amsa. Bekta abu biyu take ɗauke da su, tsawo da alƙibla, kuma kafin a ce mata konstan, wato wadda ba ta canzawa, dole dukkansu biyu su tsaya cak, in ɗaya ya motsa shi ke nan magana ta ƙare.

Gwada da kanka. Sa t = 0, za ka samu (3, 0), tana kallon dama. Sa t = π/2, sai ka samu (0, 3), ta koma kallon sama. Kamar hannun agogo ne, tsawonsa bai taɓa ƙaruwa ko raguwa ba amma kullum yana nuna wani wuri daban.

Hanyar da ba ta ɓatar da mutum ita ce diribetib, wato lissafin da ke nuna yadda abu ke canzawa yayin da t ke canzawa. Ka ɗauki kowane ɓangare na bektar ka yi masa diribetib, in duk sun ba ka sifili a kan dukkan tazarar t ɗin da ake magana, to konstan ce, in ko da guda ɗaya ya ƙi zama sifili to ba konstan ba ce. A taka, diribetib ɗin shi ne r'(t) = (-3sin t, 3cos t), wadda ita ma tsawonta 3 ne, kenan babu wani t da zai sa ta zama sifili.

Amma ka lura da abu biyu a nan, don ɗalibai da yawa a nan suke zamewa. Na farko, gwada lambobi yana iya nuna maka cewa bekta tana canzawa, amma ba zai taɓa tabbatar maka cewa ba ta canzawa ba, domin da t = 0 da t = 2π ka gwada a taka ɗin nan da duk (3, 0) za su ba ka, ka tafi da murna alhali ta yi zagaye cikakke ta dawo ne. Na biyu, ganin t a cikin bekta ba hujja ba ce. (sin²t + cos²t, 5) akwai t a jikinta amma in ka sauƙaƙa ta (1, 5) ce kawai.

Yanzu ga abin da ni nake ganin ya kamata a riƙa koya wa ɗalibai tun farko, wallahi yana warware ruɗanin nan gaba ɗaya. Ana iya gwada tsawo daban, a gwada alƙibla daban. In dot furodat na r da r', wato r · r', ya zama 0 a ko'ina, tsawo ne ba ya canzawa, dalili kuwa diribetib ɗin r · r shi ne 2(r · r'), kuma r · r ai shi ne tsawon sau kansa. Yi shi a taka: -9sin t cos t + 9sin t cos t = 0, ka ga ya fito. In kuma kuros furodat ɗinsu, wato r × r', ya zama 0, matuƙar r ɗin ba sifili ba ce, to alƙibla ce ba ta canzawa, misali (t, 2t, 0) idan t ya fi sifili, tana ta tsawo amma a kan layi ɗaya. Bektar da ba sifili ba in ta ci jarabawar nan biyu to r' dole sifili ce, don ba yadda za a yi r' ta yi kusurwar digiri 90 da r kuma a lokaci guda ta kwanta a layi ɗaya da ita sai dai in babu ita.

Wannan ne ma ya sa a fiziks abin da ke zagaye da'ira da gudu iri ɗaya ake cewa yana da aksilareshan v²/r (a nan v gudu ne, r kuma nisa daga tsakiyar da'irar) mai kallon tsakiya, gudun bai canza ba amma belositi, wato gudu haɗe da alƙiblarsa, tana juyawa.

Sai ka yi hattara da folar kodinet, inda ake nuna wuri da nisa da kusurwa maimakon x da y. Dokar duba ɓangarori tana aiki ne saboda i, j, k, wato bektoci masu tsawo 1 da ke kallon x, y da z, su kansu ba sa motsi. A folar za a iya rubuta bektarka a matsayin 3r̂, ka ga lamba 3 zalla ka ce ai konstan ce, alhali r̂ ɗin, wato bekta mai tsawo 1 da ke kallon waje daga tsakiya, ita ce ke juyawa tare da kusurwa.

In kun kai kan bekta fil, wato F(x, y) mai ba da bekta a kowane wuri (x, y), a nan duk fashiyal diribetib (wato diribetib a kan x daban, a kan y daban) na kowane ɓangare ne za su zama sifili. Kar ka yarda da cewa daibajens (ma'aunin bazuwar fil) da kol (ma'aunin jujjuyawarsa) sun ba da sifili don haka konstan ce, F = (x, -y) dukkansu biyu sifili take bayarwa, amma a (1, 0) tana ba da (1, 0), a (0, 1) kuma (0, -1).