Shukar nan mai kama da dutse ta tsage, ko mutuwa zatayi?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah an bani wata ƴar shuka a tukunya mai kama da tsakuwa biyu manne, ance sunanta Lithops. Yanzu ta tsage a tsakiya, gefenta yana yamushewa, inata zuba mata ruwa amma abin sai ƙaruwa yake. Mutuwa zatayi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki tsayar da ruwan nan tun yau, tsagewar lafiya ce, ruwan ne abin tsoro.

Ita Lithops duk jikinta ganye biyu ne masu kauri cike da ruwa, sai saiwa doguwa a ƙasa, kara kuwa kusan babu. Duk shekara sabbin ganye biyu suke fitowa daga cikin tsagar nan, kuma ruwan tsofaffin suke tsotsa har su bushe kamar takarda, toh idan kina zuba ruwa a wannan lokacin tsofaffin bazasu bushe ba, sai shukar ta kumbura ta fashe ko ta ruɓe daga ƙasa cikin ƴan kwanaki, idan kuwa ta ruɓe shikenan. Ki jira sai sun bushe ƙarau koda zai ɗau watanni.

Asalinta daga kudancin Afirka ne, Namibiya da Afirka ta Kudu da wani yanki na Botswana, inda ruwan sama yake ƙaranci sosai, wasu ma na kusa da teku da danshin hazo suke rayuwa. Wani Bature mai binciken tsirrai, William Burchell, ya ci karo da ita a 1811, ya ɗauka tsakuwa ce sai da ya ɗago ta, sannan masanin tsirrai N. E. Brown ya ware ta a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1922. Nau'inta sun kai wajen 37.

Abin da yafi burgeni shine saman ganyen. Ki kalle shi da kyau a rana zaki ga wasu ɗigo-ɗigo da zane da haske ke ratsawa, taga ake ce musu. A daji jikin a binne yake cikin ƙasa, saman kawai ke waje, hasken ya shiga ta tagar ya ratsa ruwan ciki ya isa koren ɓangaren dake haɗa abinci, kinga ta samu rana ba tare da zafi ya ƙone ta ba. Ƙofofin numfashinta ma da dare take buɗewa don kar ruwa ya tsere.

Furenta fari ne ko rawaya, da la'asar yake buɗewa, kwanson irin kuma sai ruwa ya taɓa shi yake buɗewa.

Ki sa ta a ƙasa mai tsakuwa da yashi sosai, tukunya mai zurfi mai huji, rana ta safe. In zaki ƙara wata shukar dan Allah ki nemi wadda aka raina daga iri, domin masu tonowa daga daji suna ƙarar da irin waɗannan tsirrai, musamman ƴar uwarta Conophytum, wasu nau'in a tudu ɗaya kacal suke a duk duniya.