Alhaji, WhatsApp ba sito ba ne

Saƙonni sun taru wannan makon, saboda haka babu doguwar gaisuwa. Masu neman dabarar leƙa wayar miji ko ta mata a ɓoye, na ga saƙonninku, kuma ba zan amsa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Katsina. Idan zan buga jarrabawa ba na samun ƙ da ɗ da ɓ, a waya ko a kwamfuta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A waya ki yi amfani da Gboard, allon rubutu na Google, ki shiga Languages ki ƙara Hausa. Daga nan in kin danne k kika ɗan riƙe, ƙ za ta fito, haka d da b. Har ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa tana ƙarƙashin y. A Windows ma akwai allon Hausa a wajen ƙara harshe, kuma danna maɓallan Windows da Space tare ne ke sauya miki tsakaninsa da na Turanci. In a cikin Word kike kuma kina sauri, rubuta U+0199 ki danna Alt da X, zai zama ƙ. Ta ɗ ita ce U+0257, ta ɓ kuma U+0253. In kin ga akwati a maimakon harafin, laifin salon rubutun ne, ki koma Times New Roman ko Arial. Sannan ki mai da takardar PDF kafin ki kai wa mai bugawa, don kada kwamfutarsa ta miƙar miki da lanƙwasar.

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Duk harkata a WhatsApp take: hotunan kaya, rasit, shaidar tura kuɗi, lissafin masu bashi. Yanzu kullum wayar sai ta ce ta cika, kuma makon jiya na daɗe ina neman rasit ɗin wani kwastomana na Agadas ban gan shi ba. Wace waya ce mai babban memori zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Mai da kuɗinka aljihu tukuna. Ko mai 512GB ka saya, baɗi war haka za ka sake turo mini wannan saƙon, kuma rasit ɗin mutumin Agadas ba zai fito ba don wayar ta ƙara girma.

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni ciwon kai, domin ba kai kaɗai ba ne. Lauya ya yi, sakataren ƙungiya ya yi, ɗan kwangila ya yi, har malamin jami'a da ya kamata ya hana wasu. Kowa ya mai da WhatsApp ofis, ya mai da shi akwatin takardu, ya mai da shi littafin bashi. Kai da kanka, za ka zube dilolin shadda a tsakiyar layin da 'yan dako ke wucewa ka ce nan ne sitonka? To WhatsApp layi ne. An yi shi don saƙo ya shigo ya wuce.

Ka san inda saƙonninka suke zaune? A cikin wayar da ke hannunka. Da zarar saƙo ya iso gare ka, kamfanin ba ya riƙe da shi. Ranar da aka zare wayar a cunkoso, ko ta faɗa kwata, lissafin masu bashinka ya bi ta, sai fa in kana da ajiyarsa a Google Drive. Ita ma ajiyar ba ta dawowa sai da lambar wayarka ta da, da kuma asusun Google ɗin da aka yi ta da shi. Yanzu faɗa mini tsakani da Allah: ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka? Ko yaron da ya saita maka wayar a kasuwar waya ta Farm Centre ne ya buɗe, ya rubuta a bayan kwali, kwalin kuma yara sun yi mota da shi? Da yawa ba sa gane ba su san ta ba sai ranar da suka riƙe sabuwar waya suna zufa.

Bayan wannan, hirar da ke tsakaninka da kwastoma ba taka ba ce kai kaɗai. Yana iya goge saƙon da ya turo daga ɓangarorin biyu in bai wuce kamar kwana biyu ba. Yana iya kunna saƙo mai ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, kai kana can kana auna yadi ba ka lura da ɗan agogon da ya fito a kan hotonsa ba. Mai niyyar cin bashi ya fi ka sanin waɗannan maɓallan. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba kuma matse shi ake yi, shi ya sa in ka buɗa rasit don ka ga lamba sai ka ga 3 ta yi kama da 8. Kuma ba za ka iya nemo shi da rubuta suna ba, tunda sunan yana cikin hoton ne.

Ga abin da za ka yi, kuma yau nake so, ba bayan Sallah ba. Fara da toshe ƙofar da shara ke shigowa: Settings na WhatsApp, Storage and data, ka cire alamar da ke kan hoto da bidiyo da sauti da takardu a dukkan wuraren saukarwa ta kai tsaye. Mafi yawan abin da ya cika maka waya ba kayan shago ba ne. Bidiyon biki ne, da wa'azin da aka turo maka sau shida daga zaure shida, da furannin barka da Juma'a. A wannan shafin akwai Manage storage, zai ware maka fayilolin da suka haura 5MB da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Share su ba tare da tausayi ba.

Sai ka buɗe Google Drive ka yi jaka ɗaya mai suna Shago, a cikinta uku: Rasit, Kaya, Bashi. Uku na ce. Na san masu yin jaka arba'in, jaka cikin jaka, har su manta inda suka sa abu. Rasit na takarda kada ka ɗauke shi da kyamara haka kawai, yi amfani da Scan na cikin Drive, zai gyara gefen ya mai da shi PDF. Drive yana iya karanta rubutun inji da ke cikin takarda in ka zo nema, amma kada ka dogara da shi a kan rubutun hannun yaron shagonka.

Sannan suna, wanda shi ne rabin aikin. Shekara, wata, rana, sai mutum, sai kaya: 2025-03-14 Agadas shadda. In ka fara da shekara, fayilolin da kansu za su jeru bisa tsarin kwanan wata, kuma kalmar Agadas kaɗai ta isa ta fito maka da duk cinikinku. Ni ko takardar kuɗin makarantar yara haka nake sa mata suna, kuma ba na sauraron mai cewa ya yi tsawo.

Lissafin bashi ya koma Google Sheets: kwanan wata, suna, kaya, kuɗi, abin da aka biya. Yana buɗewa ko babu intanet in ka sa masa Make available offline, kuma za ka iya ba babban yaronka damar gani ba tare da damar gyarawa ba. Hoton shaidar tura kuɗi kuwa, kar ya shiga lissafi sai ka ga kuɗin a manhajar bankinka. Hoto kowa na iya haɗawa.

Ka sani, 15GB ne Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa. Tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a ciki ake lissafa ta. Don haka a Chat backup na WhatsApp ka kashe Include videos, in ba haka ba wata rana wasiƙa za ta daina shigo maka ka rasa dalili. Ka raba layin shago da na gida, ka sa WhatsApp Business a na shago. Kuma kullum kafin a ja ƙofa, minti biyar: abin da ya shigo yau mai muhimmanci, a tura shi jakarsa. In ka bari ya kwana bakwai ba za ka yi ba, na san mu.

Rasit ɗin mutumin Agadas, buɗe hirarku, taɓa sunansa a sama, shiga Media, links and docs, ka gangara zuwa watan da kuka yi cinikin. In babu, ka kira shi da lalama.

Tambaya: Na sa manhajoji uku masu wanke waya da ƙara mata gudu, amma sai ƙara nauyi take. Wacce zan ƙara?

Amsa: Cire duka ukun, ƙanena. Su ne nauyin. Suna kashe manhajojin da Android zai sake tayarwa bayan daƙiƙa kaɗan, batir ya tafi a banza, su kuma su nuna maka talla. Files by Google ya ishe ka shara.

Tambaya: Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a Zariya. Na kai filashina shagon buga takardu, da na dawo duk jakunkunan sun koma masu ɗan kibiya a gefe, ba sa buɗewa. Furojet ɗina yana ciki, babi huɗu. Don Allah a taimaka.

Amsa: Share hawayenki, 'yar uwa, akasari aikin yana nan, ɓoye shi cutar kwamfuta (virus) ta yi ta ajiye na bogi a gurbinsa. Kada ki ƙara danna masu kibiyar nan, dannawar ce ke sa wa kwamfuta cutar. Ki samu kwamfuta mai rigakafi na zamani, ki bari ta binciki filashin. Sai ki duba harafin da aka ba shi, mu ce E. Buɗe cmd, wato wurin rubuta wa Windows umarni, ki rubuta wannan daidai, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ki danna Enter ki jira. Jakunkunanki za su bayyana, wani lokaci a cikin wata jaka marar suna. Kwashe takardunki kaɗai, ki yi wa filashin fomat.

Amma babi huɗu a filashi ɗaya, babu kwafi ko'ina? Rabin faɗan da na yi wa Alhaji naki ne. Daga yau aikin ya zauna a Drive ko OneDrive, kuma duk ranar da kika gama babi ki tura wa kanki ta imel. In za ki buga, tura wa mai shagon PDF. Filashinki ya daina shiga kwamfutar da ɗalibai ɗari suka soka wa nasu.

Tambaya: Ina son tsara lokacina. Na sauke Notion da Todoist da TickTick da Obsidian, na kalli bidiyoyi da yawa a YouTube kan yadda ake amfani da su. Wanne ya fi?

Amsa: Wanda ya fi shi ne ka rufe YouTube. Ka shafe makonni kana gyara wa jerin ayyuka launi, aikin kansa yana jiranka. Duk manhajojin nan masu kyau ne, amma mai abu biyar a gabansa ba ya bukatar su. Ni Google Keep nake amfani da shi don abin da ya faɗo mini a rai, da Google Calendar don abin da ke da rana da lokaci, shi ke nan. Da dare ka rubuta abu uku na gobe, ka ɗaura kowanne a kan sallah: wannan bayan asuba, wannan kafin azahar, wannan bayan la'asar. Wanda ya ce ƙarfe goma da rabi, sha ɗaya za ta same shi yana hira, amma kiran sallah ba ya wuce ka ba ka ji ba. Sannan ka leƙa Digital Wellbeing a cikin Settings ka ga awa nawa TikTok ya ci maka jiya. Ka sa masa iyaka a nan, kuma ba sai ka faɗa mini adadin ba.

Tambaya: Ina sa tunatarwar shan magani a wayata Infinix, amma wani lokaci ba ta ƙara sai na buɗe manhajar.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Mai tattalin batir ne ke kwantar da ita. Ki shiga bayanan manhajar, ɓangaren batir, ki cire mata takunkumi, ki kuma ba ta izinin tashi da kanta a cikin Phone Master, manhajar kula da wayar. Amma magani ba abin gwaji ba ne: sa shi a agogon ƙararrawa na wayar, shi ba a kashe shi.

Tambaya: Ina yawan kwafar abu a kwamfuta, in na kwafi wani sai na farkon ya ɓace.

Amsa: In za ka liƙa, danna Windows da V maimakon Ctrl da V, zai nuna maka jerin abubuwan da ka kwafa. Ka kunna shi sau ɗaya, zai riƙe maka har guda 25. Kalmar sirrin banki dai kar ka kwafa a kwamfutar ofis.